Sunana Selin, Ina Liyon

Shafi na 19

Masu cika min waya da “Ijja ina ci gaban? Ijja ko kin mutu ne?”, ban mutu ba, na dai kusa. Wadda ta ce in na ƙara kwana biyu ban rubuta ba za ta zo har garinmu Dushaira, nan Maroko, ta ja kunnena, bismilla, amma ki fara samo takardar fita a wurin mai unguwa tukuna. Ga shi nan na kawo. Wanda ya ga dama ya zage ni a shafin nan ya zaga, ni ma na riga na zagi kaina.

*

Ƙarfe tara saura, kafin a buɗe layi, Madam Wisal ta kira ni ta bidiyo.

Ita ce shugabar sashenmu. Tun da aka kulle gari saboda annoba, kamfani ya raba mana kwamfutoci kowa ya koma amsa wayar kwastomomin Faransa daga gida, ba ta taɓa kirana da safe don alheri ba.

“Selin.”

“Na'am, Madam.”

Ko mu biyu ne, da sunan aiki take kirana, Selin ta birnin Liyon na Faransa. ’Yar Inzagan ce fa, nan kusa da mu, na san gidansu, na san babarta mai sayar da zaitun a kasuwar Talata. Amma in ta sa abin kunne ta gyara zama, sai ka rantse a Faris aka yanke mata cibiya.

“Saurari wannan. Na jiya ne.”

Ta kunna. Muryata ce, da Faransanci, ina koya wa wata tsohuwar Baturiya yadda za ta kashe akwatin intanet ta sake kunnawa. Can a bayana sai ga muryar Baba ta taso, doguwa, ba sauri: Allahu Akbar. Baturiyar ta ce, “Mene ne wannan? Ba kin ce min a Liyon kike ba?”

Madam ta tsayar a nan.

“Amsar da kika ba ta ta yi kyau,” in ji ta. “Shi ya sa ba tun jiya aka sallame ki ba.”

Na sunkuyar da kai. Amsar nan ni kaina ba na son in sake jin ta.

“Gargaɗi na biyu ke nan, Selin. Yau daga bayan hutun rana har a tashi ina kan layinki, ina jin kowace kalma. Muryar nan ta shigo sau ɗaya, daga nan inda nake zaune zan rufe miki kwamfuta.”

“Madam, ki matsar min da hutuna zuwa la'asar. Minti biyar kawai.”

“Na'ura ke raba hutu, ba ni ba.”

“To in toshe muryata har ya gama.”

“Minti huɗu? Kin san doka. Shiru ya wuce daƙiƙa ashirin, laifi ne.”

“Madam, babana ne.”

“Na san babanki ne. Ni ma ina da uba. Na kai shi ɗakin baya na ba shi carbi.” Ta duba takarda. “Yau a Liyon ana yayyafi, da ɗan sanyi. Ki rubuta, kada wani ya tambaye ki yanayin gari ki tsaya inda-inda.”

Ta kashe.

Na rubuta: yayyafi, ɗan sanyi. Zufa na ɗiga a kan takardar.

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, ofishin nawa sito ne da ke ƙarƙashin matakalar hawa soro. Buhun sha'ir ne kujerata, tsohon akwatin auren Inna ne teburi. Na toshe tagar da barguna uku, na jingina katifa a ƙofa. Duk wannan bai tare muryar Baba ba.

Shekara talatin yana ladanci a ƙaramin masallacin lungunmu, wanda ko lasifika ba shi da ita. Da aka rufe masallatai, likita kuma ya ce mai huhu irin nasa ko ƙofar gida kada ya leƙa, sai ya koma kira daga saman soronmu. Babban masallaci yana can bayan titi, sai iska ta ga dama take kawo kiransa, don haka lungu kaf da muryar Baba suke salla. Asuba ban fara aiki ba. Azahar tana faɗowa cikin hutun rana. Magariba na tashi. La'asar ce kaɗai bala'ina, kuma soron namu taku shida ne, duk inda ya tsaya a kaina yake.

Aikin nan kuwa shi ke ciyar da mu uku, kuma ta kansa Baba ke cikin inshorar lafiya. Ƙurar kwal da ya shaƙo a ramukan Faransa yana saurayi ta cinye masa huhu. In abin shaƙarsa na buɗe numfashi ya yanke kwana biyu, sai dai a kwashe shi zuwa asibiti, asibitin da yanzu mai lafiya ma gudunsa yake.

Hutun ƙarfe sha ɗaya na haura soro wurin Inna.

Tana zaune ta miƙe ƙafa, dutse a gaba dutse a hannu, tana fasa ƙwallon argan, wanda ake tatsar mai daga cikinsa. Buhu uku ta fasa tun da aka kulle gari, ba wanda ya sa ta, wai in ta zauna hannu sake ciwon baya ke kama ta.

“Lafiya fuskarki kamar an aiko miki da rasuwa?”

“Inna, ki yi wa Baba magana.”

“Wace magana?”

“La'asar ɗin yau. Ya bari kada ya kira.”

Ta ajiye dutsen a hankali.

“Ke ’yar nan, kanki ɗaya kuwa?”

“Za su kore ni, Inna. Yau ɗin nan.”

“Ni kin koro ni saman soro da ƙwallona kamar akuya, na yi shiru. Kin hana ni daka, na yi shiru. Kin ce in daina ƙwala miki kira, na koma ƙwanƙwasa ƙofa kamar baƙuwa a gidana. Yanzu kuma kin kai kan kiran salla?”

“Na yau kaɗai.”

“Gobe fa? Gobe Turawan naki hutu suke?”

Na kau da kai.

“Mutumin nan sati biyar bai taka waje ba,” in ji ta. “Famfon da bai lalace ba ya kwance shi sau uku. Ya ɗinke duk takalman gidan nan, har da nawa na biki da ban sa shi ba. Abu ɗaya ke tashinsa daga shimfiɗa yana murna, shi ne kiran nan. Cire masa shi ki gani in zai ƙara tashi.”

“In aka kore ni, da me za mu samo abin shaƙarsa?”

Ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta juya shi, ba ta fasa ba.

“Bakinki ne, ki faɗa masa da kanki. Ni ban ji ba, ban gani ba.”

Bayan azahar muka zauna cin abinci. Tajin sardin Inna ta yi, wato kifi dafaffe a kaskon ƙasa, da gurasar sha'ir mai zafi. Baba ya sauko daga soro yana haki, farar jallabiyarsa ta yi masa yawa, amma fuskar nan wasai. Kullum in ya yi kira haka yake dawowa.

“Ina ’yar ofis?” ya ce yana zama. “Yau Turawa nawa kika gyara wa duniya?”

“Talatin da wani abu, Baba.”

“Madalla. Ci kifi, kin rame. Fadma, ƙara mata.”

Na gutsuri gurasa na riƙe a hannu. Inna ta kafa ido a kan tajin kamar yau ta fara ganinsa.

“Baba.”

“Na'am, uwata.”

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Da ya faɗa sai na ji kamar in fasa. Amma agogon bango yana tafiya.

“Baba, alfarma nake nema. La'asar ɗin yau… ko za ka huta?”

“Na ce miki na gaji?”

“A'a. Muryarka tana shiga cikin wayar aiki. Shugabarmu ta ce in ta sake ji, aikin ya ƙare.”

“Kiran salla ne laifin?”

“Ba haka ba ne, Baba. Ba za ka gane ba. Ka'idar kamfani ce, su Turawan ba sa son hayaniya a…”

“Hayaniya.”

“Ba haka nake nufi ba.”

Ya ajiye gurasarsa a bakin faranti. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗago ya dube ni, ya buɗe baki, ya yi magana da Faransanci:

“Barka da rana, Selin ce daga ofishinmu na Liyon, da me zan iya taimaka miki?”

Jama'a, jinin jikina ya tsaya.

Ba Faransancin ’yan kasuwa ba. Tsaf, a goge, har da yadda nake ɗaga murya a ƙarshe. Wannan mutumin da ko takardar magani ce sai ya miƙo min ya ce, “Karanta min, uwata, rubutun Nasara ya fi ƙarfina.”

Inna ta dafe ƙirji.

“Lahsan! Shekara talatin da biyu ina gidanka, yaushe ka iya wannan?”

Bai kula ta ba. Ya koma Shilha, yarenmu.

“Kullum in na sauko daga soro ina zama a mataki na uku in huta. Kin san me ke ƙarƙashin mataki na uku?”

Na sani. Kaina ne.

“Sati biyar ina jin ki. Na ji ana yayyafi a Liyon. Na ji kin ce kin fita da karenki da safe. Wane kare, Ijja?”

“Baba, rubuto mana ake yi. Dole ce.”

“Na sani. Zauna, ban gama ba.”

Ashe na miƙe ban sani ba. Na koma na zauna.

“Shekarata sha tara mai ɗaukar ma'aikata ya zo kasuwar ƙauyenmu. Aka jera mu a rana ba riga. Ya duba haƙora, ya matsa dantse. Wanda ya yi masa, a buga masa koren hatimi a ƙirji. Wanda bai yi ba, ja. Ni kore na samu. Kwana uku ban yi wanka ba don kada ya goge, tsabar murna.”

Ya yi tari, dogo. Inna ta miƙa masa ruwa, ya ture.

“A cikin rami, shugaban aikinmu bai iya faɗin Lahsan ba, bai kuma so ya iya ba. Duk ɗan Maroko a wurinsa Ali ne. Ali na ɗaya, Ali na biyu. Ni ne Ali na bakwai. Shekara goma sha ɗaya ina amsawa da gudu. Ranar da likitansu ya ga huhuna ya ce a mayar da ni gida, a cikin jirgin ruwa na yi alkawari harshen nan ba zai ƙara fita bakina ba. Da aka haife ki na sa miki sunan uwata, na ce wannan kam ba mai canza mata.”

Hawaye ya fara zubo min cikin faranti.

“Kada ki yi kuka, ban yi fushi da Selin ba. Abinci ake nema. Ni ma na amsa Ali.” Ya numfasa. “Na jiya ne ya tsaya min a wuya.”

“Baba, don Allah.”

“Na gama la'asar, na sauko, na zauna a matakina. Matar ta tambaye ki mene ne wancan.”

“Don girman Allah, Baba, kada ka faɗa.”

Ya faɗa. Da Faransanci, kalma bayan kalma, yadda na faɗe su:

“Ki yi haƙuri, Madam. Wani tsoho ne a maƙwabta, kansa ba daidai ba, haka yake ihu kullum. Mun ma kai ƙararsa.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu zan shige.

Inna tana ta raba ido tsakaninmu.

“Me ya ce? Ijja, me babanki ya ce?”

Na rufe fuska da hannu.

“Da ke nake! Me kika gaya wa Baturiyar?”

Baba ya dube ni, ya jira. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai shessheƙa. Da zagina ya yi, da marina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya juya wurin Inna ya ce:

“Cewa na yi ’yarki ta iya aiki, Fadma. Ta iya ƙwarai.”

Ya dafa bango ya miƙe.

“Ƙarfe nawa kike tashi?”

“Shida.”

“To je ki. La'asar ɗin yau ba za ki ji ni ba.”

“Baba, ka yafe min, tsoro ne ya sa…”

“Lokacinki ya yi. Kada ki makara.”

Ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa. Ko shayi bai tsaya sha ba, shi da ba ya tashi daga tabarma sai ya sha kofi uku.

Na wanke fuska na koma sito. Na jingina katifa, na sa abin kunne. A kusurwar kwamfuta sunan Madam Wisal ya kunna kore, alamar tana kan layina.

“Barka da rana, Selin ce daga ofishinmu na Liyon.”

Yanzu duk sanda na faɗa, muryar Baba nake ji a ciki.

Na amsa wani da ya manta lambar sirrinsa. Na amsa wata da ta zage ni tas saboda yaranta sun rasa abin kallo. Na ba ta haƙuri sau bakwai, na ce ai kuwa, da wannan yayyafin yara ba sa iya fita. Madam ta rubuto: “Da kyau.”

Saura minti shida la'asar wani kira ya shigo. Na ga sunan a kwamfuta: Brahim Ait Wakrim, daga wani gari a arewacin Faransa.

Sunan mutanenmu ne, na tsaunukan Sus.

“Alo, Madam, yi haƙuri,” in ji shi. Tsoho ne, Faransancinsa a karye, yana magana yana jan numfashi. “Abin intanet ya mutu. Kwana tara. Ina kira, ana ce min jira.”

“Ka yi haƙuri, Mesiyo. Akwai wani kusa da kai da zai taimaka?”

“Ba kowa. Ɗaki ɗaya ne, ni kaɗai. An hana fita. Da ina ganin jikokina a waya, yanzu ba na gani.”

“Za mu gyara yanzu. Ka ga wata baƙar waya a bayan akwatin? Cire ta daga bango, ka ƙirga goma.”

Ina jin sa yana jan ƙafa, yana tari. Irin tarin da na tashi ina ji a gidanmu ne, ba sai an gaya min aikin da ya yi da ƙuruciya ba.

Na dubi agogo. La'asar ta shiga.

Shiru.

Ba takun Baba a matakala. Ba gyaran murya a soro. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce.

Gaskiya zan faɗa muku: daɗi na ji. Ajiyar zuciya na yi, na ce na tsira. To ku zage ni, na ba ku dama.

“Na mayar da wayar, Madam.”

“Madalla. Wace fitila ce ta kama?”

“Ja ce, tana…”

“IJJA! KE IJJA!”

Lalla Zaina ce, maƙwabciyarmu. Tagarta tana kallon tagar sitona, lungun kuwa in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango. Muryarta ta huda barguna ukun kamar babu su.

“Ijja! Me ya sami Da Lahsan? Ba mu ji kira ba!”

Da Lahsan, haka lungu ke kiran Baba don girmamawa. Na danna maɓallin toshe murya. Lambobi suka fara gudu a kwamfuta. Ɗaya, biyu, uku.

Abin da ban yi tunani ba ke nan. A lungun da sati biyar kowa ke kulle yana jiran jin wa cutar ta ɗauka, tsoho mai ciwon huhu ya yi shiru lokacin salla, me kuke zaton za su ɗauka?

Tagogi suka fara buɗewa.

“Innalillahi, ko jikin ne?”

“Tun shekaranjiya na ji tarinsa ya canza!”

“A kira motar asibiti mana, kun tsaya surutu!”

Inna ta leƙo daga soro tana ihu, “Lafiyarsa ƙalau! Ku rufa mana asiri, lafiyarsa ƙalau!”

“To me ya hana shi kira? Fadma, kada ki ɓoye mana, mu ma muna da tsofaffi!”

Sha bakwai. Sha takwas. Dole na buɗe murya.

“Mesiyo, fitilar… ka ce ja ce?”

Numfashinsa kawai nake ji.

Sai Hammu mai gidan burodi, wanda ƙofarsa ke manne da bangon sitona, ya ce da ƙarfi, “Jama'a, lokaci na wucewa! Bari in riƙe wa Da Lahsan na yau.” Allah ya ba Hammu zuciya mai kyau, amma muryarsa injin niƙa ce. Ya tsaya daidai ƙarƙashin tagata ya ɗaga:

“Allahu Akbar!”

Saƙon Madam ya faɗo: “Mene ne wannan???”

Tsohon da ke kan layi ya yi magana. Ba da Faransanci ba. Da Shilha, a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci.

“’Yata… na ji an kira Ijja. Ke ’yar gida ce?”

Na kafa ido a kan kwamfuta.

Madam ta sake rubutowa: “Ki ce talabijin ne. Ki ce ba kya jin yarensa. Da Faransanci. YANZU.”

“’Yata, ban tambaye ki komai ba,” in ji tsohon. “Ba zan gaya wa kowa ba. Sati biyar ban ji kiran salla da kunnena ba. Bar zancen akwatin nan, ya mutu ya huta. Ki bar ni kawai in ji ya ƙarasa.”

Katifar ƙofa ta motsa.

Baba ne. Ya shigo ba takalmi, a kan yatsun ƙafa, rungume da matashin kansa. Bai dube ni ba. Ya raɓa ta bayan buhun sha'ir ya isa taga, ya ɗora matashin a kan barguna, ya danna da hannu biyu, ya ƙara da ƙirjinsa.

Ladanin shekara talatin, yana toshe kiran salla da matashi don kada a kori ’yarsa.

Ina ganin dantsensa suna rawa. Ina ganin yana danne tari, kafaɗunsa na tsalle, ya cusa baki cikin bargo don kada sautin ya fita. Ya waiwayo ya yi min alama da haɓa: ci gaba, yi aikinki.

Madam: “Selin. Daƙiƙa goma.”

“Alo? ’Yata, kina nan?”

Kalmomin suna bakina a shirye. Talabijin ne, Mesiyo. Ban gane abin da kake faɗa ba, Mesiyo. Jiya na faɗi wanda ya fi wannan muni ko gezau ban yi ba.

Na toshe makirufo da tafin hannu.

“Baba, saki.”

Ya girgiza kai.

“Baba, don Allah saki.”

“Yi aikinki,” ya ce da raɗa. “Ke dai yi aikinki.”

Madam: “Biyar.”

Na miƙe, wayar abin kunne ta ja kwamfuta har ta kusa faɗowa. Na zare matashin daga hannunsa, ba shi da ƙarfin hana ni. Na fizge bargo na farko, na biyu, na uku, ƙusoshi suna zubowa. Na tura taga. Rana ta shigo sitona karo na farko cikin sati biyar, muryar Hammu ta biyo ta.

“Dadda Brahim,” na ce da Shilha, yadda muke girmama dattijo, “sunana Ijja, daga Dushaira nake maka magana. Saurara.”

Na cire abin kunnen na miƙa shi waje.

Ina jiyo shi ƙasa-ƙasa daga ciki, yana amsa wa ladan, muryarsa na karyewa. Ya amsa na farko. Ya fara amsa na biyu.

Ƙit.

Kwamfuta ta yi baƙi. Rubutu ɗaya ya rage a tsakiya: an rufe wannan layin.

Hammu bai ko kai rabin kiran ba.

Na tsaya riƙe da abin kunne a waje kamar sakarya. Lalla Zaina ta hango Baba a bayana ta rangaɗa guɗa, “Ga shi nan! Yana raye! Da Lahsan, ka tsorata mu!”

Baba ya zame ya zauna a kan buhun sha'ir, ya saki tarin da ya danne, har sai da Inna ta sauko da gudu da abin shaƙa. Ya ja sau biyu. Ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo.

“Ya ji ƙarshen?” ya tambaye ni.

“Bai ji ba. Sun yanke.”

“Ke fa?”

“An kore ni, Baba.”

Na zaci zai rungume ni. Wallahi har na fara matsowa. Sai ya ɗago jajayen idanunsa.

“Shekara talatin ban taɓa fashin kira ba, Ijja. Ranar da aka binne uwata ma na kira. Yau na fasa, na kwanta na ja bargo kamar gawa ina jin lokaci na wucewa, don ki riƙe aikinki.” Ya nuna baƙar kwamfutar da yatsa. “Yanzu ni ban kira ba, ke ba aiki, shi ma bawan Allah bai ji ƙarshe ba. Wa kika yi wa?”

Kafin in sami abin cewa, wayata ta hannu ta fara ruri a kan akwati.

Madam Wisal.

“Kada ki ɗauka,” in ji Inna.

Na miƙa hannu.

Baba ya riga ni ɗauka.